Tambayar da Kofur Mamman Bai Aika Ba

Shekara goma sha biyu ke nan da muka ɗauki yayana, Kofur Mamman, daga gidansa na unguwar Nuzla a nan Jidda muka kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ni tela ne, ban saba rubutu a jarida ba. Abin da ya tayar mini da maganar, a Hajjin bana na zauna da wasu samari da aka sallama daga soja bayan yaƙin basasa. Ɗayansu ya ce an yi musu alkawarin koyon sana'a, amma shi sai ya gama ginin ɗakinsa tukuna zai je ya ba da sunansa. Na ce masa, yaro, gyara zama in ba ka labarin wanda ya fi ka haƙuri. Abin da na gaya masa shi zan gaya muku.

Yaya ya yi yaƙin Bama, direban babbar mota ne. Can a daji, ranar da ya ga mutuwa ido da ido, ya yi bakance in Allah ya fid da shi da rai zai je Makka da ƙafarsa. Da aka sallame su, ko gajiya bai gama saukewa a garinmu na ƙasar Haɗeja ba ya ɗaure kaya. Na bi shi, don tun ina ƙarami inda ya cire ƙafa nan nake sa tawa. Shekaru muka yi a hanya, muna tsintar auduga a Sudan muna tara guzuri, har muka ƙetare teku. Muka sauke farali, sai zama ya kama mu kamar sauran 'yan uwa da suka riga mu.

Ni na samu keken ɗinki a unguwar Hindawiyya. Shi kuwa ga-ruwa ya shiga, sanda a kafaɗa, garwa gaba garwa baya. Nauyin ruwan bai dame shi ba. Abin da ke cin ransa, a soja tuƙi kawai aka koya masa. In mota ta lalace, kanikawa ne ke buɗe ta, shi ya koma gefe. Da kunne yake gane ciwon inji, amma bai san cikinsa ba. Yakan ce ya daɗe a kan doki bai taɓa ganin haƙoransa ba. Burinsa duka ke nan: ya koyi kanikanci, ya ajiye sandar nan kafin ta karya masa wuya.

Sai ga Alhaji Sule, ɗan garinmu mai rako mahajjata duk shekara, wanda gidan Yaya ne masaukinsa. Shi ya kawo labarin cewa hukuma ta buɗe wa tsofaffin sojoji wurin koyon sana'a a gida, har da kanikanci, a koya maka, a ciyar da kai, a ba ka takardar shaida. Ranar na ga Yaya ya miƙe ya ƙame ya sara, shi kaɗai a tsakar gida, matarsa Hauwa tana ta dariya.

Yaran yanzu ba za su gane yadda muke magana da gida a wancan zamani ba. Sallahu muke bayarwa. Mahajjata in za su koma, kowa ya danƙa wa wanda ya yarda da shi saƙonsa da baki, amsa kuma sai wata Hajjin. Da haka ake neman aure, da haka ake raba gado, da haka ake jin mutuwa, kuma ba mu ga aibinsa ba. Gidan waya yana nan, masu rubuta wasiƙa suna zaune a bakinsa. Na roƙi Yaya ya je a rubuta masa, ya ƙi. Ya ce takarda ba ta jin kunyar kowa, akawu zai iya dafe ta da kofin shayi ya manta, amma dattijo mai gemu in ya tsaya a gabansa dole ya amsa. Ya haɗa dabino da ruwan zamzam ya ba Alhaji Sule ya kai wa akawun ofishin, tare da tambaya: shin wanda ke zaune a ƙasar waje yana da rabo?

Shekara ta zagayo, amsa ta zo: yana da rabo, muddin ya gama aikinsa lafiya aka sallame shi, ba korarsa aka yi ba. Yaya ya ji haushin wannan magana ƙwarai, ya ba da lambarsa ta soja a je a duba. Wata Hajjin aka ce an duba, sunansa fes, amma ana son a san ko tsufa bai cim masa ba. Ya aika da shekarunsa da wani dabinon. Bayan nan aka ce sai ya zo da kansa. Ya ce madalla, bari ya gyara iƙamarsa, takardar izinin zama, don kada ya fita a hana shi dawowa wurin iyali, Hauwa kuma ga goyon ɗansu Isa. Kowace shekara tambaya ɗaya, amsa ɗaya. Akawun nan abin da aka tambaye shi kaɗai yake amsawa, Yaya kuma ya tambayi komai ban da abu guda. Bai taɓa cewa a tambayo masa har yaushe ƙofar za ta kasance a buɗe ba.

Ba sakaci ba ne, kada ku yi masa wannan kallon. A wurinsa haƙƙi haƙƙi ne. Gonar ubanka in ka yi shekara talatin a nan Gabas ka koma, taka ce. Abin da ka saya da jininka kuwa ai ya fi gona. Na taɓa yi masa zancen hanzari, ya ce mini, "Kai Audu, haƙƙi nono ne da zai yi tsami?"

Ashe yana yi. A shekarar da ya shirya tsaf zai bi mahajjata, Alhaji Sule ya sauka kamar kullum, ya ci ya sha, ya tafi Makka ya dawo, bai taɓo zancen makarantar ba. Ba a gaya wa mai masauki mugun labari hannunka yana cikin akushinsa. Sai da Yaya ya fara ɗaure kaya, dattijon ya ja shi gefe ya faɗa masa gaskiya. Damar tana da wa'adi, 'yan shekaru ne, kuma daga ranar sallama ake lissafinsu. Tafiyar ƙafa ta cinye rabi, sallahu ya cinye saura. An rufe tun kafin dabinon ƙarshe ya isa.

Ni na yi fushi, kuma har yau da nake rubutun nan ban huce ba. Mutum ya ci dabinonka shekara da shekaru, bakinsa ya kasa furta "ka yi sauri"? Yaya bai zagi kowa ba. Ya kwance kayansa, ya zauna a gida. Hauwa ce ta zaburar da shi, da Hausarta ta haifaffun Jidda. Ta ce, "Halas, ya Kofur. Makarantar can ta rufe, motocin duniya ma sun rufe ne? Yalla, tashi."

A unguwar Sa'alaba akwai wani Bahaushen Sudan mai gareji, ana ce masa Usta Bashir, wanda Yaya ya girme shi nesa ba kusa ba. Can ya je, furfura ta fara keto masa, ya ce a ɗauke shi yaron gareji. Usta ya ji nauyi, ya ce yaya zai aiki sa'an babansa? Yaya ya ce a soja wanda ya haifa ma ya ba shi oda, kuma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Da safe ya kai ruwa gidaje, da hantsi ya zauna yana wanke ƙarafa da kananzir. Mutanen Nuzla suka samu abin tsokana, wai Kofur an rage masa igiya. Ya ce su yi ta yi, gemu ba ya hana ilimi. Ranar da ya fara kwance inji ya mayar da shi da hannunsa, injin kuma ya tashi, sai da ya zo har shagona da baƙin mai a riga don in gani. Na yi masa faɗan rigar, amma na yi ƙwalla.

Daga baya ya kafa tasa rumfar. Takardar shaidar da ya yi ta mafarki bai same ta ba har ya koma ga Allah, don haka manyan kamfanoni ba su taɓa ɗaukarsa ba, kuma wannan ya tsaya masa a rai, ba zan ɓoye ba. 'Yan shekaru kaɗan ya mori sana'ar, ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Amma ya kafa doka a rumfar nan: duk wanda ya zo koyo, ba a tambayarsa shekarunsa, ba a tambayarsa ina ya tsaya tuntuni.

Da zai leƙo Jidda ta yau, motoci sun cika titi har ba wurin taka ƙafa, mahajjata na sauka daga jirgin sama da ƙamshin turaren gida a jikinsu, saƙon da ke cin shekara yanzu yini ɗaya ya isa. Na san zai yi murna da motocin. Amma da ya ji samarin nan masu cewa sai an gama gini, ina jin da sanda zai bi su. Zai ce musu zuwa da kai ya fi saƙo, kuma in ka je, kafin ka tambayi ko kana da rabo, tambayi ranar rufewa. Su kuma masu riƙe da ofisoshin, ku ji tsoron Allah, ku faɗa wa mutum abin da bai san zai tambaya ba.

Bai bar gida mai hawa ba, lambobin yaƙinsa ma ban san inda suka shiga ba. Rumfar ce ta rage, waɗanda ya koya wa suka riƙe ta har Isa ya girma ya karɓa. Watan jiya ina zaune a wurin wani dattijo ya zo, ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, bayansa ya gaji da buhu. Ya daɗe yana kame-kame kafin ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko irinsa bai makara ba. Isa bai ɗago daga cikin injin ba, ya ce, "Baba, miƙo mini sufanan can." Mutumin ya haura sittin. Yanzu shi ke buɗe rumfar da safe.