Shafuffukan Ƙarshe Suna Aderbissinat

Talata

Na fito gida ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, littafin na ƙunshe cikin zane. 'Yan ajinmu na yaƙi da jahilci, ku kuka ce in rubuto muku, to ga shi.

Kun san ɗana Ilyasu, ɗan jarida, Allah ya jiƙansa. Yana son littattafan da ake kisa a ciki, ɗan jarida ya bi sawu. In zai ba da aro sai ya cire shafuffukan ƙarshe, ba ya ba ka sai ka faɗi wanda kake zargi. Ni ma haka ya yi mini. Labarin na zamanin zuwan Annasara ne: an tsinci gawar wani madugu bakin rijiya, wani mai rubuta wa jarida da ya biyo sojan Faransa ya ƙi yarda da maganar kwamanda. Wata bakwai ina bi da yatsa. Ban gama ba ciwo ya kama Ilyasu a hanyar Damagaram, ya cika a Aderbissinat, jakarsa da shafuffukan ciki ta zauna wurin abokinsa Mushe Sidi, malamin lakwal, wato makarantar boko.

Mota ta tashi ƙarfe bakwai. A shingen fita gari jandarma ya tambayi abin da ke cikin zanen, na ce littafi. Ya ce, "Inna, ke ke karantawa?" Na ce a hankali dai.

Aderbissinat

Kilomita wajen ɗari da sittin ne daga Agadas, amma sai bayan azahar muka isa. Matar Mushe ta dama mini fura, na kasa shanyewa. Mushe ya ɗauko takardun cikin jakar ya miƙo, na ce ya dakata, ba haka mai su ke yi ba. Na roƙi ya nuna mini ɗakin da yaron ya cika. Na zauna bisa tabarma, na ce, "Ilyasu, tafintan kwamanda nake zargi." Mushe ya juya fuska bango.

Sannan na karanta, har la'asar ta yi sanyi. Ƙasan shafin ƙarshe akwai rubutun hannu da manyan baƙaƙe, irin waɗanda nake ganewa: "Inna, in kin kawo nan, kin iya."

Laraba

Na samu motar awaki ƙarfe takwas, na sauka Agadas da la'asar. Na gode wa Allah, na gode wa Mushe da maiɗakinsa.

Littafin ya cancanci karatu, ku zo ku ara. Shafuffukan ƙarshe dai suna ɗakina. Wadda ta gama ta zo ta faɗa mini wanda take zargi.