Gidan da Sadete Ta Tsallake

Sadete Marku maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ita ce nas ɗin ƙauyenmu tun tana budurwa har furfura ta cim mata, kuma rabin waɗanda ke yawo a kan dutsen nan a hannunta suka faɗo duniya. Gajeriya ce, mai saurin tafiya. Ko kujera aka ba ta, a baki-baki take zama, kamar wadda ake jira a waje.

Ɗakin shan maganinmu ɗaki biyu ne da baranda, ƙofarsa na kallon filin kasuwa. Likita Ilir yakan hau daga birni ranar Litinin. To samari sun watse Italiya da Girka neman aiki, ƙauye ya zama na tsofaffi. Wata shekara ofishin lafiya na gunduma ya ce masu zuwa sun yi kaɗan, in ba su ƙaru ba kafin sanyi za a rufe, kowa ya riƙa gangarawa birni.

Mu a taro ihu muke yi, ba shawara ba. In kana son yardar mutum, gidansa za ka je, a dafa gahawa, sai ta kusa ƙarewa ka kawo maganar. Sadete ta ɗaura gyale ta shiga gida-gida neman a sauya ranar likita. Ni nake raka ta, don suna ganin tsoho a gefenta ba sa ɗaga murya sosai.

Mun fara da Gezim, mai ƙaramar bas ɗin da ke haɗa mu da ƙauyukan sama.

"Yaya Sadete, Litinin fa? Ranar nan ni da akuya ɗaya muke saukowa, ita ma ba ta biya."

"To wace rana kake cika?"

"Alhamis mana, ranar kasuwa. Har a cinyata ake zama."

Liman ya ce kowace rana ta yi masa banda Juma'a. Fada Gjergj, mai cocin da ke bayan ɗakin shan maganin, ya ce banda Lahadi.

"Ku biyun nan kun raba mako kamar gado," in ji Sadete. "Mu bayin Allah sai ragowa."

Ramiz, shugaban ƙauye, ya fi ba da wuya. Ya ce ranar kasuwa barandar tasa ce, nan masu cuku ke baje kaya. Sau uku muna komawa, har ta ce masa, "Shugaba, in aka rufe, basir ɗinka a bas ɗin Gezim zai riƙa zuwa birni." Matarsa ta yi dariya har da riƙe ƙofa, shi kuwa ya ce a ɗauki barandar. Likita ma ya yarda, don ranar hanya da mutane, ko motarsa ta lalace akwai mai turawa.

Gida ɗaya muka wuce, a Unguwar Tudu. Gidan Inna Hajrie ne, wadda ɗanta ya faɗo daga saman gini a Girka aka kawo gawarsa a bazarar shekarar. Mun tsaya a bakin ƙofar, muna jin ƙanshin gahawar makoki, marar sukari.

"Kawu Petrit, in shiga?"

Na ce, "Da wane bakin? Mace na kuka, ki kawo mata zancen ranar likita?"

Ita ma haka ta gani. Ba a kai wa gidan makoki wata magana sai ta gaisuwa. Muka yi gaba, muna ganin mun kyauta.

Aka mayar da ranar likita Alhamis, abu ya yi kyau. Layi har kan baranda. Mai sayar da zuma ya auna jininsa, mai sayen zuma ma haka. Sanyi ya zo ya wuce ba a rufe ba, har gunduma ta riƙa ba da misali da ƙauyenmu.

Abin da babu wanda ya tuna, alhali duk mun sani tun muna yara: macen da ke cikin baƙaƙen kaya ba ta ratsa kasuwa. Can ake dariya, can ake sakin kiɗa a rediyo, in aka gan ta za a ce ta manta da mamacinta. Inna Hajrie na da hawan jini. Da, kowace Litinin takan gangaro ta filin nan babu kowa, likita ya duba ta ya sabunta mata magani. Da ƙwayoyinta suka ƙare, ba ta aiko ba, ba ta yi ƙorafi ba. Sadete kuwa layi ya rufe mata ido. Lokacin tsinkar inabi surukar Hajrie ta same ta a ƙasa kusa da murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace.

Babu wanda ya zargi Sadete. Ina jin da an zage ta da ta fi samun sauƙi. Na riƙa ganinta ta katanga tana tsaye a cikin lambu, fartanya a hannu, ba ta noman komai. Wata rana ta ce mini, "Kawu, na tambayi mai bas, na tambayi mai cuku. Wadda ta fi kowa buƙatar wurin ita na tsallake." Ni ma ai ina tsaye a bakin ƙofar nan ranar.

Komawa Litinin ba zai yiwu ba, duk yardar da ta tara za ta warware, a rufe wurin. Sai ta yi abin da ba a yi. Ta bi gidajen masu baƙaƙen kaya ɗaya bayan ɗaya, ta yi gaisuwa, ta kawo maganar. Wasu sun ɓata rai. Wata tsohuwa ta ce, "Uwarki ba ta koya miki ba ne?" Amma ta gano akwai wasu matan da su ma suka daina zuwa. Ta koma wajen Fada Gjergj ta roƙi hanya ta cikin lambun coci, Gezim da ƙannensa suka fasa bangon bayan ɗakin shan maganin suka sa ƙofa. Yanzu ranar Alhamis za ka ga mata cikin baƙi suna bi ta ƙarƙashin itacen ɓaure, Musulmi da Kirista, ba mai ganinsu daga kasuwa.

Inna Hajrie ba ta taɓa bin ƙofar ba, ƙafa ba ta ɗauka. Sadete ke hawa wurinta, har bayan da ta bar aiki, ta yi mata wanka, ta murza mata hannun da ya mutu. Da magana ta ɗan dawo wa tsohuwar, wata rana ina zaune daga bakin ƙofa na ji Sadete ta yi tambayar da ta daɗe tana ci mata rai.

"Inna, da na shigo ranar nan na kawo maganar, me za ki yi?"

Hajrie ta daɗe tana haɗa kalmomin.

"Da na kore ki, marar kunya."

Sadete ta ɗan saki ajiyar zuciya. Sai tsohuwar ta ƙara, a hankali:

"Amma da na biyo ki bakin ƙofa na ce miki, ban da Alhamis."

Sadete ta matse tsumma a cikin ruwan ɗumi, ta ɗaga hannun, ta ci gaba da gogewa.