A Wajensu Rani Ne

Shekarar da tumatir ya ruɓe cikin kwanduna a bakin titin Zariya, ban daɗe da fita takaba ba, wayar hannu kuwa sai wurin dillalan shinkafar Kura ake ganinta. A ranin shekarar ne zazzaɓi ya kama jikata, wadda nake riƙo tun yaye.

Ni ba mai gudu asibiti don ciwon kai ba ce. Na yi mata sirace da darbejiya, na ba ta jiƙo. Da na ga idonta yana juyewa, sai na goya ta, ƙafafunta har suna dukan cinyata, na bi gefen kanal ɗin ban-ruwa zuwa ɗan asibitinmu.

Malamin asibitin ɗan ƙawata ne, a gabana aka yanke masa cibi. Ya taɓa goshinta ya ce na sauro ne, ya yi ƙarfi, sai allura. Ya buɗe kabad. Cike yake fal: maganin tari, na ciwon ido, na ƙurajen zafi. Allurar ce babu. Ya ce abin da motar sito ta sauke ke nan, masu rabo a birni sai damina ta faɗi suke aiko da na sauro.

Na ce, "Ɗan nan, leƙa taga ka gaya mini me ka gani."

Shinkafa kore shar, ruwa kwance a kowane kwami. Ya sunkuyar da kai.

"Iya, a wajensu rani ne."

Mu da ruwan kanal bai yanke mana ba, yaushe sauronmu zai san rani?

Shi ya tsayar mana da ɗan acaɓa zuwa Kura. Na sa ta a tsakiya, kanta a ƙirjina. Ta ce ruwa take so, na ce mun kusa. Wajen gada kan nata ya yi nauyi. Duk wadda ta yi goyo ta san nauyin barci, ta kuma san wancan, na wanda rai ya bari. Ban ce ɗan acaɓan ya tsaya ba.

Da ruwan farko motar ta dawo da kwalayen allura, mata suna ta sa albarka. Ban leƙa ba. Har yau idan barci ya fara ɗaukata da rana, nakan ji nauyin nan a ƙirji, in kai hannu.

Malamin ya riga mu gidan gaskiya, ƙawata ma haka. Uwar yarinyar tana Bunkure da jikokinta. Ɗan acaɓan yana nan, ya yi furfura, yana injin casa. Yakan durƙusa ya gaishe ni, amma ba ma haɗa ido. Cikin waɗanda suka ga ranar nan, daga shi sai ni.