Baturen da Ke Ganin Zafi

A filin jirgin Garwa, Jingi mai bin sawun namun daji yana jingine da mota, yana ƙare wa wani Bature kallo. Harbin ɓauna Baturen ya zo yi, kuma sansanin su Jingi za shi. Mutumin ja ne jawur, ga tumbi, ga sabon takalmin da bai taɓa taka ƙaya ba. Akwatin bindigarsa kuwa a rungume yake kamar jariri ranar suna. Da gani ka san shekara ya yi a kujerar ofis yana mafarkin ƙaho a bangon falonsa.

Ga shi ya zaro wani baƙin madubi da ake ɗaura wa bindiga, yana goge shi da hankici, yana ta zuba bayani. Sali direba yana fassara: "Baffa, wai zafin jiki abin yake gani. Ko dabba ta shige ciyawa, sai ta fito masa fara fat."

Jingi, wanda shekara talatin da yatsa yake auna ɗumin kashin ɓauna, ya ce, "A Garwa? Da wannan ranar? Ai dutse ma zazzaɓi yake."

Bature ya kafa madubin a ido, ya juyo kansu, ya ƙyalƙyale da dariya.

Jingi ya ce, "Sali, tambaye shi, ni da ɓauna kalarmu ɗaya a ciki?"

"Ya ce ƙwarai, Baffa, abin ba ya kuskure."

Jingi bai yi dariya ba. Gobe shi ne a gaba cikin ciyawa, wannan bawan Allah yana bayansa, taku goma.