Sun Sare Darbejiyar da ke Nuna Kabarin Yayana

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na ɗauki biro. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in rubuta abin da zai zama zalunci ga wani. Amma shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar yayana Haladu, kuma bana na je in yi masa addu'a na rasa inda zan tsaya.

Haladu lebura ne a gandun renon itatuwa. Da aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu aka sallame su, sai ya dawo ƙauyenmu da ke tsakanin Gwarzo da Kabo ya ci gaba da dashe a gonarsa. Mutane na bin layin sabulu da madara, shi yana jidar ruwa yana ba 'yan darbejiya. An yi masa dariya. Daga baya masu dariyar ne suke shimfiɗa tabarma a gindinsu. A lokacin, in za a yabi gida, cewa ake yana da inuwa.

A kusurwar gonar aka binne Innarmu da 'ya'yan Haladu biyu da ƙyanda ta ɗauke. Da shi ma ya rasu, a shekarun da aka dawo da shari'a, can muka kai shi. Na so in kewaye kabarin da siminti, malamai suka ce ba a gini a kan kabari. Na bi, kuma har yau ban yi nadama ba. Ai muna da alama: wata darbejiya mai rassa biyu da ya dasa da hannunsa, a gindinta yake kwance. Damina ta baje tudun ƙasar, bishiyar ta tsaya.

Sai sola ta zo. Aka jera farantan zuƙar hasken rana a bayan gari, aka ja waya, aka haƙa rijiyar burtsatse. Ni ba na gaba da sola, keken ɗinkina ma da ita yake aiki. Amma tun da wuta da ruwa suka samu, ba a ƙara ce wa gona gona ba, sai fuloti. Ma'aikata da 'yan kasuwar da a da ba sa yarda su kwana a garinmu, yanzu ɗakin haya suke nema. 'Ya'yan Haladu suka sayar da gonar. Gadonsu ne, ban hana su ba. Na dai roƙe su a ware kusurwar nan, suka ce sun gaya wa dillali.

Ina Kano ana yi mini aikin ido aka sare itatuwan duka. Masu gawayi suka tono kututturan, mota ta baje wurin. Da na dawo, fili na tarar fayau, ko tsinke babu.

Na sami dillalin a bakin tasha yana cin rake.

Ya ce, "Baba, inuwa ai yanzu asara ce. Wa zai kafa faranti a ƙarƙashin ganye? Rana ake saye."

Na ce, "Mutanen da ke kwance a wurin fa?"

Ya tofar da ɓawo ya ce, "Su ai ba sa jin zafi, Baba."

Allah Ya sani, rabon da in ji ina son marin mutum tun ina saurayi. Wannan yaron a gindin itatuwan nan ya koyi tafiya! Mun yi ta kabbara lokacin da aka ce shari'a ta dawo, ashe haƙƙin mamaci bai kai darajar fitila ba?

Alhajin da ya sayi filin bai yi mini rashin mutunci ba. Ya ce ba wanda ya gaya masa akwai kaburbura. Ya ce, "Malam, nuna mini wurin in katange. Amma kafin ruwa ya sauka zan haƙa harsashi." Kuma a tsarin gininsa, a wannan ɓangaren za a haƙa masai na 'yan haya.

Abin da ya hana ni sukuni ke nan. Na taka wurin har ƙafata ta kumbura. Yau in ce nan ne, gobe zuciyata ta ce gaba kaɗan. In na faɗaɗa, na ci filin mutum da ƙarya. In na kuskure, na bar uwata da yayana a ƙarƙashin masai. Ba zan rantse a kan abin da ban tabbatar ba.

Da Haladu na nan, na san zai yi murna da wutar, don ya sha wahalar aci-bal-bal. Amma zai tambaya ko rana ta yi ƙaranci ne a ƙasar Kano, da sai an ƙwace ta gindin bishiya ɗaya. Mutumin da ya cika gari da inuwa, yau ko ganye ɗaya babu a kansa. Abin da ya rage nasa shi ne waɗanda suka huta a inuwar, in sun tuna.

Su nake nema. Ranar jana'izarsa mutane sun zo daga Kabo da Mainika. Cikin masu haƙa akwai wani makiyayi dogo daga wajen Unguwar Tudu, wanda shanunsa ke kwana a gonar da rani. Ban san ko yana raye ba. In wannan magana ta isa gare shi, ko ɗansa, ko wani da ya ɗauki makara, ko mai tsohon hoton da bishiyar ta fito a ciki, don Allah ya neme ni, ni ne tsohon telan garin, kowa zai nuna masa. Hadari ya fara haɗuwa a gabas.