Yatsan Malam Sada

Jiya na je Kurfi duba Malam Sada, wanda ya koya mana Turanci a Dutsin-Ma. Shanyewar ɓarin jiki ta hana shi magana.

A bakinsa muka fara jin kalmar ablaut. Ya ce daga Jamusanci take, wai gangarowar sauti, yana buga tebur muna rera sing, sang, sung.

Jiya da na zauna kusa da gadonsa, sai na rera masa sing, sang, sung. Yatsansa ya fara buga katakon gado.

Matarsa ta ce, "Ɗana, me ka gaya masa?"

Na ce, "Karatunsa ne, Hajiya."

Ta ce, "Ka riƙa zuwa. Ɗalibansa duk sun san gidan nan, amma kai kaɗai ka shigo."

Jama'a, yaushe rabonku da malamanku?