Cikin Fari Karo na Biyar

Ban taɓa mantawa da ranar da Hadiza, wata matashiya daga Gyaɗi-Gyaɗi, ta ce mini cikin fari ne da ita ba, alhali na san fuskar nan sarai.

Ranar awo ce a ƙaramin asibitinmu na Tarauni, lokacin ina babbar ungozoma. Kun san tsarin: a tambayi mai ciki nawa ta haifa, nawa suka zube, a rubuta a kati. Amma teburinmu a gaban benci yake, mata cike maƙil, kowacce ta kasa kunne. Wallahi tun kafin azahar nake gajiya, rubutu kawai nake ba na ɗago kai.

Ranar dai Allah ya sa na ɗago. Na ja Hadiza ɗakin allura na rufe ƙofa.

"'Yata, tsakaninki da Allah, na nawa ne?"

Sai hawaye. "Na biyar, Sista."

Huɗu sun zube. Duk wanda ya zube sai ta yar da katin ta buɗe sabo, don kada maƙwabta su ji a benci, a kai gari cewa cikinta ba ya zama.

Na kai ta wurin likita, ya tura ta gwajin jini a babban asibiti, ya ce a maimaita bayan sati goma sha biyu. Ashe garkuwar jikinta ce ke sa jininta daskarewa, ya toshe ƙananan jijiyoyin mabiyiya, ɗan ya rasa abinci ya mutu a ciki. Likita bai jira gwaji na biyu ba, ya ɗora ta kan ƙaramin asfirin da allurar tsinka jini kullum. Fatar cikinta duk ta yi tabo, ba ta taɓa fashi ba.

Ta haifi ɗa namiji, ƙarami amma lafiyayye. Ranar sallama ta riƙe hannuna.

"Sista, ke kika rubuta mini uku daga cikin katunan da na yar. Da kin taɓa tambayata a ɗaki, da na faɗa miki."

Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ya fi ciwo. Na koma ofis na zauna, na kasa cin abinci.

To, ku ji ni, ku ungozomomi masu tasowa. Mace ba ta ƙirga 'ya'yan da ta rasa a gaban jama'a. Komai tsawon layi, komai gajiya, ku tashi ku rufe ƙofa kafin ku tambaya. Ni sai da aka rasa uku a hannuna na koya.